Ranar da Inna Kulu Ta Watsa Taron Suna

Da Gwaggo Bara'atu ta ɗaga labule ta shigo, mai jego, Siddiƙa, ta kawar da kai daga jaririnta, kamar yadda ake son uwar ɗan fari ta yi a gaban manya. Sai dai ba ta kawar da shi inda ya kamata ba. Tun ɗazu wata maƙwabciya ta ɗauke yaron daga damanta ta kwantar da shi a hagu, saboda kwano yana ɗiga a wancan gefen. Siddiƙa ta juya wa katifa wofi ƙeya, ta ajiye fuskarta daidai fuskar ɗan, idanu a buɗe, babu abin da ya motsa a cikinsu. Mayafi ya sauko mata har gira, don haka matan da ke tsaye ba su ga komai ba. Inna Kulu ce kaɗai a tsugune tana matse tawul a baho, ita ta gani daga ƙasa.

"Kun ga tarbiyya ko?" in ji Gwaggo, tana nuna wa baƙi ita. "Yau kwana bakwai, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Sai an ɗora mata shi a cinya take ba shi nono. Ba irin 'yan Kudun nan ba, su haihu da safe, da yamma hoton yana yawo a waya."

Mata suka yi dariya, aka yi ta sa albarka. Wata ta ƙara da cewa ai jego ma ya karɓe ta, a dubi kumatu yadda suka ciko. Kulu ba ta yi dariya ba. Ta dubi kumatun, ta dubi zoben da ya nutse a yatsar yarinyar.

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Anaca, bayan Kasuwar Ose Okwodu, ya san Inna Kulu mai wanka, ya kuma san ba ta da arahar dariya. Ta zo garin shekara talatin da wani abu da suka wuce, tana amarya, a gaban motar albasa daga Aliero. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Namijin yanzu yana sayar da busasshen barkono a Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal, macen tana aure a Abakpa Nike ta Inugu, kuma kowannensu ya gaji da roƙonta ta koma wajensa ta huta. Takan ce in ta tafi, wa zai dafa wa 'ya'yan mutane ruwa?

Ba gadon wankan jego ta yi ba, garin ne ya koya mata. A nan uwa tana nesa, kwana da wuni a mota, hanyar kuma ba kowa ke son ɗora mai tsohon ciki a kanta ba. Sai yarinya ta haihu a ɗaki guda, daga ita sai miji da ya fita kasuwa tun asuba. Kulu ta fara da taimakon maƙwabta, ya zama sana'a. Ta saba da rashin abubuwan gida. Babu runhu, sai ta riƙa karyo dogonyaro a bayan wata coci. Itace ba ya bushewa da damina, sai ta riƙa kwaso guntayen katako a wajen masu yanka. Tukunyarta rabin duro ce, ta yi baƙi ƙirin, a ka take ɗaukarta daga gida zuwa gida. Matan Ibo masu sayar da garin kwaki suna kiranta Mama Hotwata, wato mai ruwan zafi, ita kuma ta mayar musu da harshensu, har da ƙari.

Bakinta ba ya kunyar gemu. Ta taɓa bin wani dillalin tumatir har rumfarsa ta wanke shi tas a gaban yaransa, don ya bar matarsa tana ɗibar ruwa kwana biyu da haihuwa. Amma abin da ya fi ba mutane haushi game da ita guda biyu ne. Ba ta dama wa mai jego kunun kanwa, ko an roƙe ta. Sannan kowace safiya, kafin ta tsoma ganye a ruwa, sai ta tambaya, "Kanki yana ciwo?" Tsofaffi suka ce zama da nas-nas ya ɓata ta.

A gidan Zailani, mijin Siddiƙa, ta yi tambayar sau shida, kuma sau shida Gwaggo Bara'atu ce ta amsa. Gwaggo ƙanwar mahaifin Siddiƙa ce, ita ta riƙe ta tun yaye, ita ta biyo mota daga Zariya da buhun gero da ƙullin yaji don ta ga an yi wa 'yarta jego irin na gida. Mace ce mai son abinta, wannan ko Kulu ba ta musa ba. Tun ranar farko ta ƙwace wankan yamma, wai ruwan Kulu salam ne. Kowace safiya kuma amsarta ɗaya ce: "Lafiyarta lau, ba a haife ta da raki ba." Kulu ta karɓi amsar daga bakin da ba shi aka tambaya ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai yanzu.

Ta miƙe, ta ɗauki kofin shayi, ta miƙa shi gaban fuskar Siddiƙa ba tare da ta ce uffan ba. Tururi yana tashi yana taɓa mayafin. Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba.

"Ku ba mu wuri, zan gasa mata ciki," in ji Kulu.

Mata suka fita suna ƙunƙuni. Gwaggo ta ƙi fita.

Kulu ta yaye mayafin. "Siddiƙa, yatsu nawa na ɗaga?"

Siddiƙa ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Nawa?"

"Biyu, Inna."

Hannayen Kulu duka suna kan gwiwoyinta. "Tun yaushe?"

 Yarinyar ta ce tun jiya da la'asar. Da farko kamar walƙiya ce take gilmawa, sai hazo, da asubar nan kuma ta buɗe ido ta ɗauka wuta aka ɗauke, har ta ji ana cewa rana ta fito. Kan kuwa kwana huɗu ke nan kamar ana sara mata ƙeya da gatari.

"Kin faɗa wa wa?"

"Na gaya wa Gwaggo ciwon kan. Ta ce kowa da haka ya haihu."  "Na idon kuma na ce bari a gama suna. An sayi rago, mutane sun zo daga nesa. Don Allah Inna kar ki faɗa, zai wuce."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati. Sai kuma ta ce, "Jiri ne. Jinin haihuwa ne ya hau mata ka. Bari ta sha kununta, a ƙara wa ruwa wuta, zai sauka." Ta jawo wani kwanon sha daga ƙarƙashin gado ta buɗe.

Warin ya isa hancin Kulu kafin ta ga kalar. Kanwa ce, jar kanwa, an zuba ta da hannu biyu. Ashe kullum tana juya baya ake damawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon Kulu da ta taɓa kanwa. A wancan lokacin akwai Rabi, matar wani mai fawa, yarinya mai yawan tsokana da ke kiranta kakar ango. Kulu da hannunta ta dama mata kunun, safe da yamma, ta gasa ta da ruwan da ke tafasa, ta ji tana cewa kanta, kanta, ta ce mata ta daure. Kwana tara da haihuwa Rabi ta faɗi tana fisge-fisge. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi har la'asar, Kulu tana cikin masu riƙe ƙafa. Da aka kai ta asibiti, wata nas, Sista Nkiru, ta ja Kulu gefe ta tambaye ta abin da suke ba yarinyar, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce da jinin da ya hau haka aka zo da shi tun safe, da wataƙila wani zancen ake yi. Rabi ba ta kwana ba. Babu wanda ya ɗora wa Kulu laifi a unguwar, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ita ce ba ta yafe wa kanta ba, kuma ba ta taɓa ba kowa labarin ba.

Ta fisge kwanon daga hannun Gwaggo, ta ɗaga labule, ta watsa kunun a tsakar gida, gaban matan da ke gyaran shinkafa.

"Ke baiwar Allah, kina da hankali kuwa?" Gwaggo ta yi tsawa. "Da wannan aka yi mini jego, da shi aka yi wa uwarta!"

"Ku da kuka rayu ku ke ba da labari. Ina katin asibitinta?"

"Wane kati?"

"Wanda aka ba ta ranar sallama. Ba a ce ta koma a gwada jininta bayan kwana uku ba?"

"Mai jego ce za ta fita titi kafin arba'in? A cikin wannan ruwan saman? A garinku haka ake yi?"

"A garinmu ma binne su ake yi, Hajiya. Ɗauko mata hijabi."

"Babu inda za ta yau. Ko raɗin suna bai huce ba, ki fitar mini da 'ya a gaban surukai a ce na kawo musu makauniya?"

Kulu ta dube ta sama da ƙasa. "To ai abin da kika yi ta yabo ke nan tun safe. Kin tara mata kina nuna musu makanta, kina ce mata kunya."

Ba ta jira amsa ba. Ta ratsa tsakar gida, ta tsallake tukwane, ta fita ƙofar gida inda maza suke zaune a ƙarƙashin rumfar tamfol. An raɗa wa yaro suna Sharfuddeen, an yanka rago, ana rabon goro da dabino. Mace ba ta shiga nan, balle da ɗaurin zani a jiƙe da hannu duk toka. Ta tsaya a tsakiyar tabarmi.

"Zailani, tashi."

Ya taso da sabuwar shadda, yana murmushin kunya. "Inna, lafiya? Bari a shafa fatiha mana."

"Matarka ba ta gani."

"Ba ta gani kamar yaya?"

"Kamar yadda kai ma ba ka gani. Kwana bakwai kana shiga ɗakin nan. Buhun albasa in ya fara ruɓa daga tsakiya, daga bakin rumfa kake ganewa. Fuskar matarka ta kumbura kamar an hura, ba ka gani ba?"

"Inna, ai ni ba na zama a ɗakin, Gwaggo tana ciki. Da kunya."

"Kunya! Ita kunya, kai kunya, tsohuwa tana yabon kunya. Ku duka ukun za ku kai ta kabari cikin ladabi."

Wani daga cikin 'yan kasuwa ya ce a bi a hankali, ranar farin ciki ce. Kulu ta juyo kansa, amma liman Malam Habibullahi ya riga ta. Ya ajiye goron da ke hannunsa ya ce, "Zailani, addu'a ba ta hana tafiya. Nemo mota, mu za mu ƙarasa a nan."

Ihu ya tashi daga cikin gida.

Kulu ta tarar da abin da ta shekara goma sha ɗaya tana gani in ta rufe ido. Siddiƙa ta sanƙare a kan katifa, sannan jiki ya ɗauki fisga, haƙora a datse, kumfa a gefen baki. Wata ta ɗauke jariri. Wata tana neman cokali ta cusa mata a baki, wata tana kiran a kawo garwashi da habbatussauda, Gwaggo ta danne ƙafafun tana kuka tana karanto duk abin da ya zo bakinta.

"Duk wadda ta kawo wuta ɗakin nan, a kanta zan juye!" Kulu ta buge cokalin ya faɗi can. Ta ɓamɓare hannun Gwaggo daga ƙafafun, ta juya yarinyar ta kwanta a gefe, ta tura filo nesa da fuskarta, kamar yadda Sista Nkiru ta nuna mata tuntuni. "Ku buɗe taga. Ku matsa. Ba iska ba ce, jini ne ya hau."

Da fisgar ta lafa, suka naɗe ta a zani suka fito da ita. Abin hawan da Zailani ya samu keke ne mai ƙafa uku da ya kawo kayan miya, ganyen albasa duk a ƙasa. Kulu ta zauna ta rungume kan yarinyar a ƙirjinta. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa da jariri a hannu, ta rasa gaba ta rasa baya.

"Shigo, Hajiya. Yaron zai nemi nono, ke kuma za ki faɗa wa likita abin da kika ba ta da bakinki."

Titin kasuwa ya cushe da motocin doya da masu baro, ruwa yana tsiyaya. Kulu ta leƙo da kai tana zuba wa kowa tsawa da Hausa da Ibo da broka, duk wanda ya zo. Matan garin kwaki suka hango ta. Ɗaya ta ce, "Mama Hotwata ce!" Suka bar tirensu suka shiga titi suna dukan jikin motoci da tafin hannu har hanya ta buɗe.

A asibiti aka naɗa wa Siddiƙa abin awo a dantse. Nas ɗin ta kalli lambar, ta sake gwadawa, sannan ta ƙwala wa likita kira. Aka yi mata allurar hana fisga, aka ƙara mata da ta sauke hawan jini, aka rufe ƙofa. Bayan azahar aka tura ta hoton kai.

Likitar, wata doguwar mace mai gilashi, ta zaunar da su ukun ta yi bayani da broka, Zailani yana juya wa Gwaggo. Ta ce idanun lafiyarsu ƙalau. Jini ne ya hau fiye da ƙima bayan haihuwa, har ruwa ya tsattsafo a bayan ƙwaƙwalwa, wurin da ke karɓar gani, wurin ya kumbura. Ta ce irin wannan kumburin yakan sauka in an sauke jinin da wuri, gani ya dawo, amma ba za ta yi alkawari ba sai an ga kwanaki. Da an ƙara wuni guda, in ji ta, ana iya samun jijiya ta fashe. Kulu ta tambaya game da kanwa. Likitar ta ce ba lallai ita ta fara kawo ciwon ba, yana kama wadda ba ta taɓa sha ba ma, amma gishiri ce, kuma ba a ba mai hawan jini gishiri kwano-kwano.

 Gwaggo ta zauna a benci tana jijjiga jariri, hawaye yana sauka a kan zanin goyon. Can ta ce, "Ni fa gyara na zo yi."

Kulu ta so ta ba ta amsar da za ta ƙona ta. Kalmomin suna bakinta. Ta tuna wadda ta riƙe ƙafafun Rabi, ta haɗiye rabinsu. "Na sani. Ni ma gyara na je yi, na binne tawa. Ke taki tana numfashi. Gyara riƙon yaron, kansa ya karkace."

Shinkafar suna dai maƙwabta ne suka raba. A unguwa aka kwana uku ana zancen. Wasu suka ce Kulu ta ceci rai, wasu suka ce ko ceto ne ai da ladabi, mace ba ta shiga tabarmar maza ta kira miji makaho ranar sunan ɗansa. Wani gida da suka riga suka yi mata magana kan wata mai ciki suka aiko cewa sun samu wata. Ta ce Allah ya raba lafiya, amma su tambayi yarinyar kanta, kuma su bari ita ta amsa.

Kullum bayan ta gama wankan safe a wani gida da tukunyar aro takan biya asibitin. Rana ta biyu Siddiƙa ta ce tana ganin haske inda taga take. Rana ta uku ta ce mutane kamar inuwa. Rana ta huɗu Kulu ta same ta zaune, fuskar ta saɓe, zoben yana juyawa a yatsa, yaron yana kwance a hagunta. Kafin su gama gaisawa Gwaggo ta turo ƙofa da fulas ɗin ruwan zafi.

Siddiƙa ta kawar da kai. Zuwa dama, wajen bango, nesa da ɗan, daidai yadda aka koya mata.

Kulu ta gani. Idanun sun dawo ke nan. Ta yi hamdala a ciki. Sai kuma haushin ya dawo mata sabo.

Ta kama haɓar yarinyar da yatsunta masu kaushi, ta juyo da fuskar. "Kalle shi."

"Inna, Gwaggo fa..."

"Na ce kalle shi. Allah ya karɓi idanun nan ya dawo miki da su, za ki ɓata su a kallon bango? Wa ya yi kama da shi?"

Siddiƙa ta kalla. Ta daɗe tana kallo, daga goshi har yatsun ƙafa. Ta ce a hankali, "Kunnen babansa ne."

"Kaico, bai yi sa'a ba," in ji Kulu.

Gwaggo ta ajiye fulas ɗin. Ta je ta ɗaga labulen taga har sama don haske ya sauka a kan gadon.

Kulu ba ta zauna shan shayi ba. Ta ce wa Siddiƙa maganin jinin nan ko an sallame ta kar ta kuskura ta tsallake, ranar da aka rubuta a kati kuma da ƙafarta za ta zo ta raka ta, mai magana ya yi. Ta biya gidan Zailani ta ɗauki rabin duronta, wanda ke nan tun ranar suna cike da ruwan sama, ta tuntsurar da ruwan a kwata, ta ɗora shi a ka. A hanya ta tsaya bayan coci ta karyo ganyen dogonyaro na wankan gobe.